Sirdin kaboyi mai tsawon ɗan yatsa

Dokin roba ne na kamfanin Breyer, yayata ta kawo mini shi tsaraba daga Amurka. Fari tas, tsayinsa kamar taƙi ɗaya. Ana ƙera irinsa ne a kan kashi 1 cikin 9 na girman doki, kuma a can akwai masu yi musu sirdi da linzami har su kai su gasa. Na ce jikan baduku ba zai bar doki tsirara a kan kantar ɗaki ba.

Sirdin kaboyi na zaɓa, irin na makiyayan shanun yammacin Amurka, wanda suka gada daga makiyayan Meziko. Yana da ƙaho a gaba inda ake naɗe igiya idan an zarge saniya, da faffadar fata mai sauka daga mazauni zuwa likkafa don kada gumin doki ya taɓa ƙafar mahayi. Mazaunin na gaske ya kai inci 16, nawa kuwa santimita 4 da rabi kacal. Gindin sirdin na sassaƙa da guntun katako, na sayo jar fatar akuya a Kurmi, na zauna dare uku ina yanka ina liƙawa.

Abin da ya fito ya fi kama da takalmin jariri. Na auna tsawo da faɗi daidai, kauri ne ban kawo a raina ba. Fatar sirdin gaske takan kai milimita 5, ke nan tawa bai kamata ta wuce rabin milimita da 'yan kai ba. Gefen sirdin ya miƙe tsaye, ya ƙi kwanciya a haƙarƙarin dokin.

Na kai wa wani tsoho a layin dukawa. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, kai ba ka fere fata ne?"

"Baba, tsoro nake kada ta yage."

"To ta yage mana. Akuya ta ƙare ne?"

Ya kifa fatar a kan gilashi, ya kwantar da aska kusan a kwance, yana tura ta a hankali. Naman bayan fatar na tashi kamar ɓawon albasa, har hasken rana ya fara ratsa gefen. Sai da na ɓata fata huɗu kafin hannuna ya gane.

Zanen furanni shi ne adon sirdin kaboyi, kuma fatar da aka jeme da itace, kamar tamu ta bagaruwa, ita ke riƙe shi. Sai an jiƙa ta, a jira launinta ya fara komowa, sannan a danna. Idan ruwa ya yi yawa zanen zai cike ya ɓace, idan ta bushe ba zai shiga ba. Da ƙusa na yi, wadda na goge bakinta a dutse. Fatar akuya tana miƙewa, furannina suka zama kamar ƙwai, amma daga nesa ba laifi. Majayi kuma da zaren saƙa na jera shi tsakanin zobba biyu na waya.

Ɓarnar da har yau take ci mini rai ita ce ta launi. Na ɗaure jiƙaƙƙen sirdin a bayan dokin ya kwana don ya ɗauki siffar gadon bayansa. Da safe na cire, ga jan karan dafin da aka rina fatar da shi ya zauna daram a kan farin fenti. Sabulu bai fitar ba. Da na shimfiɗa leda a tsakani, da ba a yi haka ba.

Yanzu na saƙa masa ƙaramin bargo mai ratsi da ke rufe tabon. Saura linzami, kuma ƙarfen bakin ya riga ya faɗo mini sau biyu ya ɓace a cikin tabarma.