Aikin mai tsaron wurin iyo: ido ne gaba da ninkaya

Mai neman aikin tsaron wurin iyo a otal-otal na Katsina yakan fara da cewa ya iya ruwa tun yana yaro. Madalla, amma iya ninkaya ƙaramin sashe ne na aikin. Galibin yini a zaune za ka yi shi kana kallo, kuma a wurin kallon ne ake rasa rai ko a tsirar da shi.

Wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Bakinsa na nutsewa yana fitowa, ɗan numfashin da yake samu bai isa ya kira kowa ba. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kansa ya karkata baya, hannuwansa na danna ruwa a gefe kamar mai hawa tsani, amma ba ya matsawa ko'ina. Cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 sai ya ɓace, yaro ma ya fi saurin tafiya. Yaran da ke hayaniya suna watsa ruwa lafiyarsu lau. Wanda ya yi tsit shi ne abin tsoro. Shi ya sa ake koyar da ƙa'idar 10 da 20: ka zagaya yankinka da ido cikin daƙiƙa 10, har ƙasan ruwa, ka kuma zauna inda za ka kai ga kowa cikin daƙiƙa 20.

Ido yana gajiya. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, hankalin mai gadi kan fara yawo bayan rabin awa, don haka a riƙa canjin wuri kowane minti 20 zuwa 30. Hula, tabarau mai rage ƙyallin rana da gorar ruwan sha duk kayan aiki ne. Waya kuwa a bar ta a ofis. Manajan da ya sa mai tsaro ɗaya ya haɗa da rabon tawul da karɓar kuɗin shiga, gaskiya ba shi da mai tsaro.

Kafin a buɗe da safe, ka tsaya a bakin wuri mai zurfi ka duba ko kana ganin magudanar ƙasa sarai. In ba ka gani, ba za ka ga mutum a kwance a can ba, sai a rufe har ruwan ya washe. Ƙurar hunturu takan dagula shi cikin dare ɗaya. Kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya tsaya tsakanin 1 da 3 a ma'auninsa, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8.

Idan abu ya faru, ka busa usur tukuna don abokin aiki ya sani. Sannan ka miƙa doguwar sanda, kana kwance rub da ciki don kada a fizgo ka. In ba ta kai ba, ka jefa zoben ceto mai igiya ya wuce shi kaɗan, ka jawo. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma da abin da ke yawo a kan ruwa tsakaninka da shi, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya taɓa, ko da ƙaninsa ne. Wanda ya yi tsalle da ka a wuri marar zurfi, a ɗauka wuyansa ya taɓu: a riƙe kai da wuya a miƙe, kada a ciccibe shi da gaggawa.

A nan ne al'adarmu ke cutarwa. Da an fito da mutum sai a hau matsa masa ciki ko a kifa shi wai ruwa ya fita. Wannan amai yake jawowa, aman ya toshe hanyar iska, ga ɓata lokaci, alhali ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗaga haɓarsa, ka duba numfashi na daƙiƙa 10. In babu, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce, “Malam, kira lambar gaggawa 112, ka nemo mota.” Ka toshe masa hanci ka hura iska sau 5 a bakinsa, kana ganin ƙirji na tashi. Daga nan danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, da saurin 100 zuwa 120 a minti, sai hura 2, haka har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ko ya tashi yana cewa ya warke, a kai shi asibiti, saboda huhu kan rikice bayan sa'o'i.

Kwas ɗin samun takardar shaida da rahoton da ake rubutawa bayan haɗari yawanci da Turanci ne. Don haka mai koyo ya mai da hankali kan Turancin gajerun umarni, sunayen sassan jiki da rubuta lokaci daidai.

Da damina, in an ji tsawa a fitar da kowa, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. A kududdufan unguwa da madatsun ruwa irin su Ajiwa, Jibiya da Sabke kuwa, inda yara ke wanka babu mai kallonsu, jarka mai lita 20 da babu komai a ciki, a ɗaure murfinta tam a sa mata igiya mai tsawon mita 15, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa har a jawo shi gaɓa.