Kafin ka yarda da jan da ke kan taswirar ido

Abin da ake daɗewa ba a gane ba game da na'urar taswirar koniya, wato ɓawon nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, shi ne ba koniyar kanta take ɗauka ba. Zobban haske take haskawa, ta ɗauki hotonsu a kan ruwan hawayen da ya lulluɓe idon, daga nisan da ke tsakanin zobe da zobe ta lissafa lanƙwasa. Dabarar tsohuwa ce, tun 1880 Antonio Placido ya fito da faifanta. In hawaye ya tsinke, lissafi ya lalace, amma allon zai ba ka launuka masu kyau kamar ba abin da ya faru.

A ƙauyukan Gumel, Kazaure ko Ɗambatta, lokacin hunturu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutum ya taho a kan babur cikin hazo da ƙura, idonsa a bushe. Bar shi ya huta, ka kashe fankar da ke kaɗa masa fuska. In za ka ɗauka ka ce, "Baba, ƙifta sau biyu, sai ka buɗe sosai," ka danna cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In zobban suna kakkaryewa, ɗiga hawayen kwalba marar kauri, ka jira 'yan mintoci. Kwallin da ya zubo cikin ido ma a wanke shi.

Taswira ake fara yi kafin komai ya taɓa idon: kafin awon hawan ruwan ido, kafin rinin gwaji, kafin maganin buɗe ƙwayar ido. Mai sa tabarau irin wanda ake mannawa a kan ƙwayar ido ya cire mai laushi kamar mako guda, mai tauri mako biyu zuwa huɗu.

Haɓa a kan mazauninta, goshi manne da maɗaurin, a tura hula ko ɗankwali baya. Inuwar hanci da ta gira kan cinye zobban gefe, sai a ɗan karkata fuskar. In fatar ido ta sauko, ɗaga ta ka tokare a ƙashin gira, kada yatsa ya danna ƙwayar, don dannawar na haifar da lanƙwasar ƙarya. Tsohuwa mai yanar ido ba lallai ta ga ɗigon da ake cewa ta kalla ba, kuma kallon da ya kauce kaɗan kan fito da ja a ƙasa, ya yi kama da keratokonas, ciwon da koniya ke sirancewa ta yi tsini. Ɗauki sau uku a kowane ido. In ba su yi daidai da juna ba, ba ka da sakamako tukuna.

Duba hoton zobban kafin launuka. Ja da ruwan goro wuri ne mai tudu, shuɗi kuma wurin da ya baje, amma a sikelin da na'ura ta zaɓa da kanta ido lafiyayye ma yakan yi ja. Lamba ce abin riƙewa: yawancin idanu na kusa da dayofta 43, wato ma'aunin ƙarfin lanƙwasar koniya. Abin da ya haura 47, ko ƙasan koniya ya ɗara samanta da fiye da 1.4, musamman a yaron da ya saba murza ido saboda ƙaiƙayi, na likita ne, a auna masa kaurin koniya, tunda zobba gaban koniya kaɗai suke gani.

Naman da ke tsirowa daga gefen hanci yana baje layin kwance, hawaye kuma na taruwa a bakinsa. Awon ruwan tabarau da za a dasa bayan cire yana, in an yi shi a kan irin wannan ido, ba abin dogaro ba ne, haka ma tabon da gashin ido mai juyawa ciki ya bari.

Ita kuma na'urar, a rufe ta da zarar an gama, a riƙa gwada ta da ƙwallon gwajin da ta zo da shi, musamman bayan an ɗauke ta a mota zuwa aikin ƙauye. Kada a jona ta kai tsaye da janareta.