Lambar Waya Ɗaya da Na Zaɓa Ba Daidai Ba

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullan durowar kuɗi bayan shekara shida a wani babban kanti a cikin garin Gombe, uku ina kashiya a kan kanta, uku kuma ina kula da sauran kashiyoyi da manhajar da muke ciniki da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan irin wannan na'ura ya san cewa aikinta ya wuce lissafi da fitar da rasit: tana karɓar lambar wayar kwastoma ta buɗe masa fayil, ta riƙa ajiye abin da ya saya da ranar da ya saya, ta tara masa maki, ta rubuta bashinsa, sannan ta aika masa saƙon tes idan an umarce ta. Ina cikin waɗanda suka matsa wa Alhaji mai kanti lamba ya saye ta, kuma har yau ban yi nadamar hakan ba, domin ita ce ta nuna mana waɗanda ke zuwa sayen madara da sukari da zarar albashi ya shiga, da waɗanda suka yi wata uku ba su leƙo ba.

Matsalata ta samo asali ne daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya sanya 31 ga Janairu a matsayin wa'adin tsofaffin, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane na da kuɗi a banki amma ba su da ko sisi a hannu, mutum ya yi taransifa a cire masa, mu kuma alat ya ƙi shigowa, layi ya kai bakin ƙofa. Sai Alhaji ya ba da izini cewa duk wanda muka sani ya ɗauki kayansa a rubuta masa bashi a na'ura. A cikin wannan turmutsutsi kashiyoyi suka riƙa buɗe sabon fayil da duk lambar da aka karanto musu, ko ta ɗan aike ce ko ta wanda ya yi taransifar, ba tare da sun duba ko mutumin yana da fayil tun da farko ba, har ta kai kwastoma ɗaya yana da fayil biyu ko uku.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, ga kuma azumi na ƙaratowa, manaja ya ƙudurta tattara basussukan kafin a ga wata. Ya kira ni bayan la'asar ya ba ni kwana biyu in haɗe duk fayilolin da suka maimaitu, domin a aika saƙon tunatarwa a lokaci guda. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kamata ya yi a kira kowa a tabbatar da lambarsa tukuna." Ya ce, "Malam, ba mu da wannan lokacin, ka haɗa kawai." Da baki ya faɗa, ni kuma ban nemi ya rubuta ba.

Idan za a haɗa fayil biyu, manhajar takan tambaya wace lamba za a bari a matsayin ta ainihi, kuma saboda gaggawa na ɗauki ƙa'ida ɗaya ga kowa, wato in bar wadda aka shigar a baya-bayan nan, a zatona ita ce mutum yake amfani da ita yanzu. A cikin fayilolin akwai na wani dattijo, tsohon shugaban makarantar firamare da ya yi ritaya, wanda yake sayayya a wurinmu tun kafin in fara aiki, kuma bai taɓa cin bashi ba sai a wannan karo da kuɗin fanshonsa suka maƙale a banki. Sabuwar lambar da ke jikin fayilinsa na biyu ta mijin 'yarsa ce, wanda ya taɓa biya masa kaya sau ɗaya ta taransifa. Washegari da safe saƙo ya tafi wayar surukin, ɗauke da cikakken sunan dattijon da adadin bashin, da roƙon a biya kafin azumi.

Ba sai na yi wa Bahaushe bayanin nauyin wannan abu ba. Mutumin da ko cin abinci ba ya yi a gaban surukinsa, a wayi gari surukin ya san cewa shinkafa da man da ake ci a gidansa na bashi ne. Surukin, da kyakkyawar niyya, ya aiko da kuɗin a ranar, abin da ya ƙara wa al'amarin zafi. Bayan kwana biyu dattijon ya zo da kansa, ya tsaya a layi kamar kowa, da ya iso gabana ya ajiye kuɗin cif, ya ce a mayar wa mai su nasu. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, a da mai kanti shi kaɗai ne yake buɗe littafin bashi, kuma a ƙarƙashin kanta yake ɓoye shi. Ka cire sunana daga cikin abin nan." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne," ya gyaɗa kai ya fita. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ko wannan buƙata tasa ban iya cika masa ba, domin manhajar ba ta goge fayil ɗin da aka taɓa yin ciniki a kansa, sai dai a dakatar da shi, wai don kada lissafin shekara ya rikice. Watanni kaɗan bayan haka, a Yunin 2023, aka sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta ba mutum damar neman a goge bayanansa da kuma ƙin karɓar saƙonnin talla. Na kai wa manaja wannan magana har sau biyu, ya ce wannan ta bankuna ce da kamfanonin waya.

Da labari ya kai kunnen Alhaji, wanda ashe dattijon ya koyar da ƙannensa, manaja ya ce bai taɓa ba da umarnin a haɗa fayiloli ba tare da tantancewa ba. Aka buɗe tarihin ayyukan na'ura aka ga sunana a kan komai, har da danna maɓallin aika saƙon, alhali manaja ne ya danna, da lambar sirrina da na ba shi tun shekarar da ta gabata saboda ya ce yana yawan manta tasa. Aka ba ni takardar tuhuma, aka yanke mini rabin albashin watan azumi. Kuskuren zaɓen lamba nawa ne, ban taɓa musantawa ba, kuma na amsa shi a gaban Alhaji ba tare da kwana-kwana ba; amma wanda ya ƙi a kira mutane, ya kuma aika saƙon da hannunsa, yana nan a kujerarsa har ranar da na bar wurin, yana gaishe ni da fara'a kamar ba a yi komai ba.

Daga wannan rana na sauya lambar sirrina, na kuma tsaya kai da fata sai da kowane kashiya ya samu tasa. Na kashe saƙon bashi na kai-tsaye gaba ɗaya, na mayar da shi kiran waya, wanda ake farawa da gaisuwa da tabbatar da cewa mai fayil ɗin ne ya ɗauka kafin a ambaci ko kwabo. An yi ta gunaguni cewa hanyar tana cin kati da lokaci, amma basussukan sun ci gaba da shigowa, kuma ba a sake samun wanda ya zo ya ce a cire sunansa ba. Na hana a rubuta lambar ɗan aike a fayil ɗin maigida, ko ta miji a fayil ɗin mata, musamman a gidan da ke da mace fiye da ɗaya, inda rasit ɗin sabulu da turare ka iya tayar da ƙurar da ba kanti ne zai kwantar da ita ba. Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne: a tambayi kwastoma kafin a saka shi cikin masu karɓar saƙon rangwame, a kwafi bayanai kowane dare, kuma umarnin da ya shafi kuɗi ko sunan mutum a karɓe shi a rubuce ko da ta WhatsApp ne.

A ranar da zan tafi, ina nuna wa wanda zai gaje ni yadda ake haɗa fayiloli, na ce ya kira lambobin biyu kafin ya zaɓi ɗaya, ko da manaja na tsaye a kansa. Da muka zo kan jerin fayilolin da aka dakatar, na ga sunan dattijon yana nan, da makinsa da bai taɓa karɓa ba, da ranar cinikinsa na ƙarshe a watan Maris na 2023. Na samu labarin cewa yanzu a wani ƙaramin shago a Bolari yake sayayya, inda har yau littafi da biro ake amfani da su.