Littafin da ke kan teburina: abin da aikin rajistar jarrabawa ya koya mini

A shekarar da aka ɗora mini nauyin rajistar ɗaliban ajin ƙarshe a makarantar sakandaren da nake koyarwa, ina da yaƙinin cewa kaina da wayata sun ishe ni. Aikin bai yi kama da mai wuya ba: a tattara sunayen ɗalibai da ranakun haihuwarsu da hotunansu, a tabbatar da darussa takwas ko tara da kowane ɗalibi zai rubuta, a karɓi kuɗi a ba da rasit, sannan a shigar da komai a shafin hukumar WAEC da na NECO kafin a rufe. Abin da ban lura da shi ba shi ne, rabin aikin ba a ofis yake zuwa ba. Yana zuwa ne a bakin ƙofar makaranta, da harabar masallaci, da hanyar ɗakin malamai, daga bakin mutanen da za su tsayar da kai su faɗa maka magana ɗaya su wuce, suna ganin sun sauke nauyi tunda malam ya ji.

Wata Juma'a bayan an tashi, wani dattijo ya tare ni ina ƙoƙarin tayar da babur. Ya ciro takardar haihuwar 'yarsa daga aljihun gaban rigarsa, a naɗe cikin leda, ya nuna mini cewa watan da aka rubuta a jerin da muka liƙa a allo ba shi ne na jikin takardar ba. Na duba, na ga gaskiyarsa, na ce masa: "Baba, kada ka damu, in sha Allahu ranar Litinin zan gyara." Da zuciya ɗaya na faɗa. Litinin ta zo da nata tarin ayyukan, aka shigar da sunaye, aka rufe rajista, maganar kuwa ba ta sake faɗo mini ba sai bayan watanni, lokacin da yarinyar ta zo neman gurbin karatu aka ga bayananta sun saɓa wa juna. Sai da suka je kotu aka yi takardar rantsuwa, suka yi ta zirga-zirga da kashe kuɗin da ba su da shi. Da dattijon ya dawo wurina bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi: "Malam, ai na faɗa maka." Har yau ban ji maganar da ta yi mini nauyi a wurin aiki kamar wannan ba.

Wani tsohon malamin Larabci da muke zama kusa da juna a ɗakin malamai shi ya ga halin da na shiga. Yana da ɗan littafi da ba ya rabuwa da shi, yana rubutu a ciki da ajami, kuma na daɗe ina ɗauka addu'o'i ne. Ranar ya buɗe mini, sai na ga sunayen mutane da alƙawura: wane ya ari littafi kaza, wance za a duba wa ɗanta karatu ranar kaza. Ya tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, sannan ya ce: "Ɗana, duk wanda ka ce wa 'to', bashi ka ci." Na ce: "Allah ya gafarta malam, ai ina sawa a waya." Ya tambaye ni sau nawa nake komawa in karanta abin da na sa a wayar. Ban iya ba shi amsa ba, domin gaskiyar ita ce duk lokacin da na buɗe ta don in duba abu ɗaya, saƙonni ne suke janye ni zuwa wasu goma.

Washegari na sayi littafi mai bango mai kauri, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Tsarin da na zauna a kai bayan gwaje-gwaje ba shi da wani ado. Bayan sallar Asuba nakan rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya a saman shafi. Shafin hagu na ayyukan da na ɗora wa kaina ne, na dama kuma na mutane: wanda ya zo, abin da ya ce, da abin da na amsa masa. Duk wanda ya tare ni a hanya, a gabansa nake ciro littafin in rubuta, in karanta masa ya ji. Da farko na ji tsoron iyaye za su ɗauki haka a matsayin rashin yarda ko nuna isa, amma sai na ga akasin haka. Hankalinsu ya fi kwanciya idan sun ga maganarsu ta hau takarda.

Darasin da ya fi kowanne girma ya fito ne daga wata ɗabi'a da na ɗauka ƙarama ce. Kowace Alhamis da yamma nakan bi shafukan mako, duk aikin da ban yi ba in sake kwafe shi da hannu zuwa sabon shafi. Daga baya na ji cewa wani Ba'amurke mai suna Ryder Carroll, wanda ya fito da tsarin rubuta ayyuka a littafi da ake kira Bullet Journal a 2013, ya gina nasa tsarin a kan irin wannan kwafe-kwafe, kuma ban yi mamaki ba. A waya, ɗage aiki zuwa gobe taɓawa ɗaya ce, ba ka jin komai. A takarda kuwa sai ka sake rubuta sunan mutumin da hannunka, harafi bayan harafi, kana tuna fuskarsa. Idan ka rubuta sau biyu za ka ji kunya, a na uku kuwa dole ka tsaya ka tambayi kanka dalili. Da na riƙa yin wannan tambayar sai na gano abin da ban taɓa sani ba game da kaina: ayyukan da nake ɗagewa ba masu wahala ba ne. Shigar da sunaye ɗari a shagon intanet, ana ɗauke wuta ana kawowa, ban taɓa gudunsa ba. Abin da nake gudu shi ne aikin da ke buƙatar magana marar daɗi, kamar in kira uba in sanar da shi kuɗin ɗansa bai cika ba kuma saura kwana huɗu a rufe, ko in gaya wa ɗaliba cewa darasin da take so bai dace da fannin da take nema ba. Da can nakan ce aiki ne ya yi mini yawa. Littafin ya nuna mini cewa kunya ce da gudun ɓacin ran mutane, kuma waɗanda nake jin kunyar su ne suke biyan kuɗin jinkirina. Tun daga lokacin na kafa wa kaina doka: abin da na kwafa sau uku, ko in yi shi a ranar, ko in miƙa wa wanda zai iya, ko in je in faɗa wa mai shi ƙarara cewa ba zan iya ba.

Wannan ya rage yawan "to" da nake furtawa. Alƙawari kaya ne, kuma wanda yake ganin kayansa a jere a shafi ba ya saurin ƙara wani.

Akwai abubuwan da na koya da wuya game da iyakar littafin. Sirrin gidan ɗalibi ba ya shiga ciki, domin littafi yakan kwana a kan tebur kuma kowa na iya buɗewa. Idan yarinya ta gaya mini abin da ya hana ta zuwa makaranta, alama kawai nake sawa da ranar da zan sake nemanta. Sannan takarda ba ta da maganin ruwa. Wani ruwan watan Agusta ya taɓa dukana a kan babur har tawadar shafuka da yawa ta narke, shi ya sa yanzu nake ɗaukar hoton duk shafin da ya shafi kuɗi, rasit kuma yana nan a mazauninsa. Ban yarda da masu cewa a jefar da waya ba, kowanne da aikinsa.

Sashen da na fi jinkirin farawa shi ne na dare. Bayan Isha nakan rubuta layi uku ko huɗu a ƙasan shafi, ba na aiki ba, na halin da na yi aikin a ciki: wa na ɗaga wa murya, me ya faranta mini rai, wane haƙƙi ne ya kwana a wuyana. Malamai suna kiran wannan muhasaba, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa. Da na koma na karanta na zango guda a jere, sai na ga faɗan da nake yi wa ɗalibai ya fi taruwa a ranakun da na kai dare a shagon intanet, ba a ranakun da suka fi yin laifi ba. Na mayar da aikin shigar da sunaye zuwa safiyar Asabar, kuma a zangon da ya biyo baya layukan da ke farawa da "yau na yi fushi" suka ragu sosai.

Littattafan da suka cika suna cikin akwatin ƙarfe a gida, kowanne da shekararsa a bango. A shafin farko na kowane sabo, kafin kwanan wata, nakan rubuta abu guda: a gwada ranar haihuwar kowane ɗalibi da takardarsa ta asali, a gaban mahaifi ko waliyyi, kafin a shigar.