Daga Beijing zuwa Weichang, dajin farautar sarakunan Sin

Na hau jirgin ƙasa mai gudu a tashar Chaoyang ta Beijing, cikin kusan awa ɗaya muka sauka Chengde. Da fasfo ake yankar tikiti, shi kuma ake nunawa a ƙofar shiga, don haka kada a cusa shi can ƙasan jaka. Daga Chengde sai mota, kusan kilomita 150 arewa zuwa garin Weichang a lardin Hebei. Hanya tana ta hawa, gonakin dankalin turawa dama da hagu.

Cikakken sunan dajin farautar Mulan Weichang. Weichang a Sinanci filin da ake yi wa namun daji ƙawanya ne. Mulan kuwa daga harshen Manchu, yaren sarakunan daular Qing, ya fito, yana nufin kiran barewa da usur. Sarki Kangxi na daular Qing ya keɓe dajin a 1681 daga ƙasar makiyayan Mongol, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000, aka raba shi yanki 72.

Sai da na tsaya a kan tudu na ga yadda kwaruruka ke buɗewa cikin fili sannan tsarin farautar ya zauna mini. Tun kafin asuba mahaya ke fita, su rabu gida biyu, hagu da dama, su zagaye yanki guda har bakinsu ya haɗu. Daga nan su riƙa matsowa a hankali, doki kusa da doki, har dabbobi su taru a gaban sarki. Shi ke fara harbi, sannan 'ya'yansa da hakimai. In wani ya yi sakaci dabba ta ɓalle ta gefensa, hukunci ne, domin atisayen soja ake yi da sunan farauta. Kiran barewa dabam yake: mutane kaɗan, a watan Satumba lokacin barbara, su sa kan barewa a ka, su busa usur na itace mai kukan namiji.

Akwai siyasa ma a ciki. Sarakunan Mongol da ba su taɓa yin agana ba suna tsoron shiga Beijing, sai su zo nan gaisuwa. Bayan rasuwar Sarki Jiaqing a 1820 farautar ta mutu. A 1863 aka buɗe dajin ga manoma, gatari da gobara suka cinye itatuwan.

Saboda haka dajin da na ratsa a Saihanba, a arewacin gundumar Weichang, dashe ne. An fara shi a 1962 da ma'aikata 369, kuma ido na gani: itatuwa a jere sahu-sahu, tsayinsu kusan ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama aikin a 2017. A ganina aikin ya fi tarihin farautar ban mamaki, amma wanda ya zo neman gine-ginen sarauta gara ya tsaya a fadar Chengde, don a nan tantuna sarakunan suke kafawa su kwashe.

Wurin tudu ne, wani ɓangaren ya haura mita 1,900. Ko a Yuli da Agusta sai da rigar sanyi da dare, a hunturu kuwa sanyi ya taɓa wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Wuraren kallo sun yi nisa da juna, motar haya ba ta wadata ba, sai an ɗauki shata, a kuma gama ciniki kan yini guda tun a gari. Dokar wuta da tsanani: ba a kunna ashana ko taba a daji, lokacin fari ma akan rufe wasu sassa. Ƙananan masaukai ba duka ke karɓar baƙon waje ba, a tambaya kafin a biya. Mai neman abincin halal ya duba koren allo mai alamar Qingzhen, ya kuma yi guzuri tun daga Chengde, don sama da gari irin waɗannan shaguna ƙaranci suke yi.