Saƙon godiya bayan makonni 11 na jinya

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Jiya Juma'a na sa goshina a ƙasa a karon farko tun bayan haɗarin motar da ya rutsa da mu kusa da Kwanar Dangora, a hanyarmu ta dawowa Kano daga Zariya. Makonni 11 na yi ina salla a kishingiɗe, daga baya a zaune, bisa sauƙin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Imrana bin Husaini lokacin da ciwo ya hana shi tsayuwa. Da goshin ya taɓa darduma sai hawaye suka kwace mini, domin shekara da shekaru ina sujada ban taɓa lissafa ta cikin abubuwan da aka ba ni ba.

Godiyata ta farko ga Allah Maɗaukakin Sarki take, sannan ga bayinSa da Ya turo mini, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ina godiya ga direban da ban san sunansa ba, wanda ya sauke fasinjojinsa a bakin titi ya kwashe mu zuwa asibiti. Ga matasan unguwarmu biyu da suka ba da jini, leda ɗai-ɗai, kafin a shiga da ni tiyata. Da likitoci da ma'aikatan jinya da suka sa ƙarfe a cinyata suka kuma jure mitata. Uwargida kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Ita ce ta samo wani ɗan dutse mai faɗi ta ajiye a gefen matashina domin taimama, kuma kullum kafin kiran assalatu za ta tashe ni ta miƙo shi.

Tun ina makarantar allo na haddace faɗar Allah a Suratul Hadid, aya ta 4, cewa Yana tare da mu duk inda muke, kuma malamai sun koyar da mu cewa da iliminSa da kulawarSa ne. Gaskiyar magana, a kan harshe kawai na riƙe ta. Sai da na kwanta na fara ganin ta a cikin filas ɗin kunun da maƙwabciyarmu take aikowa kowace safiya ba tare da an roƙe ta ba, da kuma a ranar da ɗan yatsan ƙafata ya motsa bayan kwanaki yana sandare. Hadisi ya tabbata cewa an halicci ɗan Adam da gaɓoɓi 360, kuma kowace gaɓa akwai sadaka a kanta kullum, wadda raka'a biyu na walaha suke isarwa. Gaɓa ɗaya ce ta ƙi lanƙwasuwa, amma ta hana ni alwala da kaina, ta hana ni jam'i, ta hana ni kasuwa.

Ku da kuka zo dubiya, ina tuna muku hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, inda Allah zai ce wa bawa ranar ƙiyama cewa da a ce ya je duba bawanSa mara lafiya, da ya same Shi a wurinsa. Ladanku yana nan, ni kuma da ke kwance na ji daɗin wannan albishir fiye da yadda zan iya faɗa.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa. Ina kuma roƙonku addu'a ga wani yaro da na baro a gadon da ke kusa da nawa, wanda har yanzu yake jiran aiki na biyu. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka muku da mafificin alheri, amin.