Kiran Bidiyo Tsakanin Yara da Iyayen da Suka Rabu

Idan aure ya mutu, yaro ne ya fi jin zafin nisan da ke biyo baya, shi ya sa nake ɗaukar kiran bidiyo ta WhatsApp, FaceTime ko Zoom a matsayin haƙƙinsa. Jihar Utah ta Amurka ta shigar da irin wannan ziyara cikin dokarta a 2004, domin ta zama ƙari ga ganawa ido da ido. A ganina, wajibi ne a tsayar da lokacin kira, a kuma gajarta hira da ƙaramin yaro, wanda hankalinsa ba ya daɗewa wuri ɗaya. Wanda yake riƙon yaron kuwa ya ja gefe, kada ya mayar da shi ɗan saƙo tsakaninsu.